Laimar Kwaɗi a Ma'aunin Waƙa

Duk yaron Gidan Igwai a birnin Sakkwato ya san tsiron nan da kan ɓullo a wuri mai dausayi da damina, wanda ake kira laimar kwaɗi, wasu kuwa su ce naman kaza. Nufinmu a nan mu duba abin da mawaƙi zai tarar idan ya so ya sa sunayen nan cikin rubutacciyar waƙa.

Tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u malamanmu ke auna waƙa da arulin da Halilu na Basra ya tsara a ƙarni na 8. A 1949 Greenberg ya nuna cewa awon ya dogara ga nauyin gaɓa. Gaɓar da ke da dogon wasali, ko tagwan wasali, ko ta ƙare da baƙi, ita ce mai nauyi. To, lai-mar-kwa-ɗi gaɓoɓi huɗu ne, dukansu masu nauyi. Haka ma na-man-ka-za. Ko Basakkwace ya ce laimak kwaɗi, nauyin bai sake ba.

A Mutaƙarab masu nauyi ba su wuce biyu a jere. A Wafir da Ɗawil ba su wuce uku. Saboda haka sunayen ba su shiga karuruwan nan sai an karya su. Mutadarak yana ɗaukarsu idan ƙafarsa ta zama fa'lun mai gaɓa biyu. Hafif ma yana ɗauka, inda fa'ilatun ta haɗu da mustaf'ilun. Ashe sunan tsiro yana iya zaɓa wa mawaƙi kari.

Wajen amsa-amo kuwa, ɗi ta fi za yalwa: akwai daɗi da faɗi, Basakkwace kuma yana da kiɗi. Mai za idan ya rasa abokan kaza bayan maza, sai ya koma maimaita kalma guda a ƙarshen baitoci. Wannan ba aibi ba ne idan kowace dawowa ta ƙara ma'ana, kamar a nuna tsiron da safe a tsaye, da yamma ya yanƙwane.

Malaman kwalejin horon malamai su lura da abu guda: rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Ɗalibin da ya auna kwaɗi da ido zai ɗauka kwa marar nauyi ce, ya zargi mawaƙi da karya kari alhali kuwa bai karya ba. A sa shi ya furta kalmar tukuna, sa'an nan ya auna.