Kafin A Ce Magani Ya Daina Aiki

Akwai larurar ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira baifola, mai kai mutum sama ta dawo da shi ƙasa. Wani lokaci zumuɗi ya kama shi, barci ya ƙaurace masa, baki ya ƙi mutuwa, ya ji duk duniya ba kamarsa. Bayan makonni ko watanni sai jiki ya yi la'asar, ya ƙule a ɗaki, ko wanka sai an yi da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 40 ne ke fama da ita. A ƙasar Malumfashi da Funtuwa ma ba baƙuwa ba ce, sai dai an fi jingina ta ga iskoki ko sammu.

Ko wanda aka dace aka ɗora shi kan magani, ciwon kan sake motsa masa. Ga magidanci da kaka, ya kwana uku bai runtsa ba. Ya kwashe masarar da aka ware don cin gida, ya kai kasuwar Dandume, ya dawo da babura biyu da maganar ƙara aure. Nan take 'yan'uwa za su yanke hukunci: "Maganin nan ya daina yi masa, a sauya." Wani ya nufi kemis, wani ya ce a watsar da ƙwayoyin baki ɗaya. Sau da yawa wannan gaggawar ce ke mayar da hannun agogo baya, domin ba kowane motsin ciwo ne laifin magani ba.

Abu na farko da za a bincika shi ne, ana ma shan maganin yadda aka rubuta? Wani da ya ji sauƙi sai ya ajiye. Wani saboda tsada yake raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. Na biyu barci, domin ƙarancinsa na cikin manyan masu tayar da ciwon: gadin dare saboda 'yan bindiga, hidimar biki, ko rainon jariri ga mai jego, wadda dama makonnin farko bayan haihuwa lokaci ne mai haɗari gare ta. Na uku, me ake haɗawa da shi? Tiramol da wasu matasa ke sha don ƙarfin noma, wiwi, da ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe duk suna iya tunzura zumuɗi. Haka maganin tsananin damuwa irin amitiriftilin, idan mai baifola ya sha shi shi kaɗai.

Litiyam, maganin baifola wanda likita John Cade ya gano amfaninsa a Ostareliya a 1949, yana buƙatar kulawa ta musamman. Tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa 'yar kaɗan ce, shi ya sa ake auna shi a jini, a riƙa duba ƙoda da maƙoƙo. Zafin bazara, gudawa, ƙishirwar azumi, ko maganin ciwon jiki irin diklofenak da ibufurofen suna iya sa ya taru a jiki. Sai ka ga hannu na karkarwa sosai, ga amai, ga tangaɗi, harshe ya yi nauyi. Kada a ɗauka ciwon ne ya tsananta har a ƙara ƙwaya. A dakatar da ita a nufi asibiti a ranar. In ba a irin wannan hali ba, yanke litiyam farat ɗaya yakan dawo da ciwon da ƙarfinsa.

Wannan ba ya nufin ba a sauya magani. Ana sauyawa idan an sha shi daidai na tsawon lokacin da ya kamata amma ciwon ya ƙi lafawa, ko illarsa ta yi yawa: ƙiba da hawan suga daga olanzafin, sandarewar jiki da dalalar miyau daga halofaridol, ko ƙuraje masu tsanani daga Tegretol. Ga mata akwai ƙarin dalili. Epilim yana iya nakasa ɗan tayi, kusan jariri 1 cikin 10, Tegretol kuma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Don haka budurwar da ake shirin aurenta, da matar da ke son haihuwa, su gaya wa likita tun kafin ciki ya shiga. In kuwa ya riga ya shiga, a hanzarta ganin likita, kada a yanke magani a gida. Sauyin da kansa yakan zama sannu a hankali, ana rage wannan ana ɗaga wancan. Wani lokacin ma gyara adadi kawai ake yi, ko a ƙara wani na ɗan lokaci.

Ranar zuwa asibiti a tattara kwalayen duk abin da ake sha, har da na gargajiya. A tafi da wanda ke kwana gida ɗaya da majinyaci, wanda zai iya faɗin awa nawa yake barci da yaushe aka fara ganin canji. Ana iya farawa daga Babban Asibitin Malumfashi, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Dawanau a Kano. Idan majinyaci ya fara maganar kashe kansa, ko ya daina ci da sha, ba a jiran ranar da aka ba shi.

A kuma saurari majinyacin. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba shi haƙƙin a yi shawara da shi kan maganinsa. Shi ya san ƙwayar da ke kashe masa jiki har ya kasa fita gona, kuma wanda aka ji kokensa ya fi riƙe magani. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti, a haɗa su. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar wa mai kemis ko taron dangi hukuncin da sai likita ya yi awo kafin ya yanke. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.