Yarinyar da Ta Isar da Saƙon Sojoji

Mutumin da bai taɓa ganin teku ba zai yi mamakin jin cewa akwai masu aikin gadin fitila. A bakin teku akan gina doguwar hasumiya, a ɗora babbar fitila a kanta. Da dare matuƙan jiragen ruwa sukan hango haskenta daga nesa, su gane inda duwatsu suke, su kauce. A zamanin da, kananzir ake zuba wa irin waɗannan fitilu. Dole a sami wanda zai kunna da magariba, ya kwana yana dubawa, ya kashe da asuba. Idan ta mutu cikin dare, jirgi na iya karo da dutse, jama'a su halaka. Saboda haka mai gadin yakan tare a wurin da iyalinsa.

A shekarar 2009 wata marubuciya 'yar ƙasar Ostireliya, Dianne Wolfer, ta fitar da littafin yara a kan irin wannan iyali. Da Turanci aka rubuta shi. Sunansa Lighthouse Girl, wato yarinyar hasumiyar fitila. Irin littafin nan ne da akan ɗauko abin da ya faru da gaske, a ƙara masa ƙagaggen zance don yara su ji daɗin karantawa.

Yarinyar dai an yi ta da gaske. Sunanta Fay Howe. Mahaifinta shi ne mai gadin fitilar wani ƙaramin tsibiri da ake kira Breaksea, kusa da garin Albani a yammacin Ostireliya. Tsibiri shi ne tudun da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Babu kasuwa a wurin, babu ƙawaye. Sai an kawo musu abinci a jirgi, sannan jaki ya hau da kayan zuwa gida. Idan teku ta yi fushi jirgin bai zo ba, sai Fay ta fita farautar zomaye da tsuntsaye.

A shekarar 1914 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Shi ne yaƙin da aka kai sojojin Nijeriya Kamaru da Gabashin Afirka. A lokacin Fay tana da shekara 15. Ƙasashen Ostireliya da Niyu Zilan suka tara sojoji wajen 30,000 don taimakon Ingila. Jiragensu fiye da 30 suka taru a ruwan Albani, inda Fay take hango su daga tsibiri.

To, a nan ne abin da ta koya ya yi rana. Akwai wata hanyar magana da tutoci biyu. Mutum zai riƙe tuta a kowane hannu. Kowace ɗagawa tana nufin harafi guda. Na nesa ya duba, ya haɗa haruffan su zama kalma. Fay ta iya wannan, ta kuma iya buga tangarahu, domin akwai waya da ta haɗa tsibirin da gari. Sojojin da ke cikin jirage suka riƙa yi mata alama da tuta. Wani yana son a gaida uwarsa, wani matarsa. Ita kuma ta karanta, ta rubuta, ta aika. Ba ta san su ba, ko fuskarsu ba ta gani sosai ba.

Ranar 1 ga Nuwamba 1914 jiragen suka tashi. Aka sauke sojojin a Masar. Daga can wasunsu suka riƙa aiko mata da katuna masu hoto. Ba su san sunanta ba, sai su rubuta cewa a kai wa ƙaramar yarinyar tsibirin Breaksea. Katunan kuwa suka iso hannunta.

A watan Afrilu 1915 aka kai su fagen fama a Galipoli, cikin ƙasar Turkiyya. 'Yan Ostireliya fiye da 8,000 ne suka mutu a can. Da yawa daga cikin waɗanda suka ga tsibirin Fay ba su sake ganin ƙasarsu ba.

Ba duk abin da ke cikin littafin ne ya faru ba, kuma ya kamata mai karanta wa yara ya gaya musu haka. Marubuciyar ta ƙago wani matashin soja mai suna Charlie, wanda yake yi wa Fay wasiƙa. Ta kuma rubuta wasu shafuka kamar Fay ce take rubuta abin da ya same ta kowace rana. Wannan ƙari bai ɓata labarin ba. Yaro ba zai iya jin tausayin mutum 30,000 a lokaci guda ba, amma zai damu da mutum ɗaya da ya san sunansa. An kuma sa tsofaffin hotuna da guntayen jaridun wancan lokaci, tare da zanen gawayi na wani mai zane, Brian Simmonds.

Abin da ya fi kyau a littafin shi ne ba a cika shi da ƙarar bindiga ba. Mai karatu yana tare da waɗanda aka bari a gida. Uba yana hawa hasumiya kullum da yamma. 'Yarsa tana girki, tana duba teku ko jirgin kaya ya taho da wasiƙa. Idan jarida ta zo, sai ta bi sunayen waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Hasumiyar tana nan a tsibirin har yau, amma fitilar ita take kunna kanta. Babu iyalin da ke zaune a wurin.