Wa Ya Kulle Ƙofar Adre?

Ranar 1 ga Agusta 2024, kwamitin ƙwararru da ke tantance matakan yunwa a duniya ya tabbatar da cewa yunwa mai kisa ta sauka a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam, kudu da birnin Al-Fashir a Darfur ta Arewa da ke Sudan. Ba kasafai ake irin wannan sanarwa ba. An yi wa Somaliya a 2011, an yi wa Sudan ta Kudu a 2017. Abin da ya ɗaure kai a wannan karon shi ne, abinci bai yi nisa ba. Yana jibge a gabashin Chadi, ga manyan motoci, ga direbobi. Tsakanin garin Adre na kan iyaka da Zamzam kimanin kilomita 400 ne, bisa tsohuwar hanyar da alhazan ƙasar Hausa suka riƙa bi da ƙafa da jakuna zuwa Makka. To me ya tare buhun dawa a hanyar da jaki ya sha ratsawa?

Zargin farko kan kuɗi ya faɗa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala biliyan 2.7 domin Sudan a 2024, kuma aka yi watanni abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Sai dai ƙarancin kuɗi yana bayyana dalilin da ya sa abinci ya yi kaɗan ne kawai. Wanda ke Chadi an riga an saye shi, an biya, an yi masa lodi.

Sai aka koma kan damina. A Darfur, da ruwa ya sauka, koramun da suke busassu sukan cika su tumbatsa, mota ta kafe a laka kwana da kwanaki. Gaskiya ne. Amma tun watan Fabrairun 2024, tsakiyar rani, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce kowane awa biyu yaro ɗaya na mutuwa a Zamzam. Yunwa ta riga hadari isowa.

Na uku shi ne ganima. Tun ranar da yaƙi ya ɓarke, 15 ga Afrilu 2023, tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun RSF na Hamedti, aka kashe ma'aikatan Hukumar Abinci ta Duniya uku a Kabkabiya. A Disambar shekarar aka wawushe rumbun hukumar a Wad Madani, tan 2,500 na abinci. Wannan ma ba ƙaramin cikas ba ne. Duk da haka, ɗan fashi motar da ta hau hanya yake tarewa, motocin da ke Chadi kuwa ko tashi ba su yi ba.

Komawa watan Fabrairun 2024 ita ce ta fara warware zaren. A cikinsa ne gwamnatin soja ta Burhan, wadda ta ƙaura zuwa Port Sudan, ta janye izinin shigar da agaji ta Adre. Hujjarta ita ce makamai na shigo wa RSF ta Chadi. Zargin ba daga iska ya zo ba, domin rahoton ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya na Janairun 2024 ya ce akwai ƙamshin gaskiya a batun makaman Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ke bi ta Amdjarass a Chadi, ko da yake Daular ta musanta. A Maris aka ba da wata mashigar, Tine, can arewa. Hanyarta ta fi tsawo, ita ce kuma ruwa ya cinye da damina ta kankama. Ashe ruwan sama ya yi ɓarna ne bayan an tilasta wa motoci bin inda yake da iko.

A nan wani sabon ƙulli ya taso. Sojojin Burhan ba su da ko shinge ɗaya a mashigar Adre. Tun Nuwamban 2023 sansaninsu na ƙarshe a wajen Al-Junaina, garin da ke kusa da mashigar, ya faɗa hannun RSF. 'Yan gudun hijira na tsallakawa, 'yan kasuwa na tsallakawa, har wasu ƙungiyoyin agaji masu zaman kansu sun ci gaba da shiga. Yaya wanda ba ya bakin ƙofa ya kulle ta?

Amsar tana cikin takarda. Ƙudurin Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 46/182 na 1991, wanda shi ne ginshiƙin aikin agajinta, ya ce a shigar da taimako da yardar ƙasar da abin ya shafa. A idon Majalisar, gwamnatin Sudan ita ce wadda a lokacin take Port Sudan. A lokacin can ne ofisoshin Majalisar suke, can ake bai wa ma'aikatanta biza da takardar izinin tafiya, kuma in ta yi gaban kanta a Adre, tana iya rasa damar ciyar da miliyoyi a gabas. Saboda haka haramcin bai taɓa mai safarar bindiga ba, don shi dama ba ya neman izini. Wanda ya kama shi ne mai neman izinin, kuma shi ne mai mafi yawan motoci da hatsi.

Akwai hanyar gwada wannan bayani. Ranar 15 ga Agusta 2024, ana cikin tattaunawar da Amurka ta shirya a Suwizalan, gwamnati ta sanar da buɗe Adre na wata uku. Ba a gyara titi ba, ba a tsagaita wuta ba, amma kafin mako ya zagayo motoci sun fara tsallakawa. Sa hannu ya rufe, sa hannu ya buɗe.

Da a ce kwaɗo ɗaya ne a ƙofar, da labari ya ƙare a nan. Amma ayarin Hukumar Abinci na farko bai isa Zamzam ba sai a ƙarshen Nuwamba, bayan tafiyar mako biyu. Ambaliya ta karya gadoji a Darfur ta Yamma, wannan ɗaya ke nan. Babban dalilin kuwa shi ne kwaɗo na biyu. Tun Mayun 2024 RSF ta yi wa Al-Fashir ƙawanya, kuma ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2736 da ya nemi a janye ta bai motsa kowa ba. RSF ta kafa tata hukumar agaji mai bayar da nata izinin, ta kuma riƙe motocin MSF biyu a Kabkabiya makonni. Kowane ɓangare yana kallon buhun da zai shiga yankin ɗan'uwansa a matsayin guzurin abokin gaba. Zamzam ta faɗa tsakani: hanyar zuwa gare ta tana hannun RSF, izinin hawa hanyar yana hannun soja.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. A Afrilun 2025 RSF ta afka wa sansanin, dubban ɗaruruwa suka gudu zuwa Tawila. A Yuni aka kai wa ayarin motocin agaji 15 hari a Al-Koma, mutum biyar suka mutu. Mutanen Al-Fashir suka koma cin tunkuzar dabbobi har birnin ya faɗi a Oktoba.

An taɓa karya irin kwaɗon farko. A 2014 Kwamitin Sulhu ya ba da izinin shigar da agaji Siriya ta kan iyakoki ba tare da jiran Damaskas ba. Bai yi wa Sudan haka ba. Muddin ƙa'ida ta bar wa mai yaƙi ikon cewa wa zai ci, to yunwa za ta ci gaba da zama makami mafi arha a hannunsa.