Yadda Fasahar Sadarwa Ke Bunƙasa Arzikin Ƙasa: Misalin Fataken Agege

Kafin shekarar 2001, falken da ya yi lodin shanu daga Potiskum zuwa mayankar Oko-Oba da ke Agege a Legas, ba ya sanin farashi sai ya iso. Idan ya tarar kasuwa ta cika, dole ya karyar, ko ya yi kwanaki yana ciyar da dabbobi suna ramewa. A lokacin, layukan tarho na kamfanin NITEL ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100.

A watan Janairun 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kamfanonin MTN da Econet kuma suka fara aiki a watan Agusta. Tun daga nan dillali a Agege ko kasuwar Mile 12 kan shaida wa maigidansa na Arewa halin da kasuwa ke ciki kafin a ɗora kaya.

Abin da masana ke kira ƙaruwar yawan amfanin aiki ke nan: jari bai ƙaru ba, ma'aikata ba su ƙaru ba, amma asara ta ragu. Binciken da Jenny Aker ta yi a kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

Haka nan ta fuskar kuɗi. Tsarin aika kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda ya fara a 2011, ya rage wa fatake ɗaukar tsabar kuɗi a hanyar da 'yan fashi ke tarewa, jari kuma yana juyawa da sauri.

Da aka sake lissafin tattalin arzikin Nijeriya a 2014, kason sadarwa ya tashi daga ƙasa da kashi 1 zuwa fiye da kashi 8 cikin 100.

Sai dai waya ba ta gyara hanya, ba ta hana tumatir ruɓewa a mota. Ribar fasaha ba za ta cika ba sai an haɗa ta da wutar lantarki, hanyoyi masu kyau, da ɗakunan sanyi na adana kaya.