Ƙyallin Ɗan Kunne da Gishirin da ke Bayansa

A yawancin gidajenmu na Potiskum, ba a jimawa da haihuwar jaririya sai a huda mata kunne. Da farko zare ake zurawa, in ramin ya warke a sa ɗan kunnen da gwaggo ko inna ta kawo ranar suna. Bayan 'yan kwanaki sai uwa ta ga fatar kunnen ta yi ja, ta kumbura, tana tsattsafo da ruwa, yarinya na ta kai hannu tana kuka. A ce zafi ne, a shafa man kaɗanya. A ce kirci ne, a aika kemis. Da an cire ɗan kunnen sai wurin ya bushe, da an mayar ranar biki sai ciwo ya dawo sabo. Sau da yawa, laifin na wani ƙarfe ne mai suna nikel, wanda aka yi wa ɗan kunnen rufi da shi.

Nikel fari ne mai sheƙi, ba ya saurin yin tsatsa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya gano shi a 1751. Hanyar da ake bi a lulluɓe wani ƙarfen da shi ita ce ta kawo mu ga sinadarin da ake kira nikel salfet. Gishiri ne da ake samu idan nikel ya haɗu da asid ɗin salfa, irin wanda ke cikin ruwan batirin mota. Ƙwayoyinsa kore-kore ne masu sirkin shuɗi, ba su da wari, kuma suna narkewa a ruwa nan da nan. Wanda ya gan shi a tafin hannu zai ce alawa ce aka farfasa. Kyan ɗan maciji ke nan.

A masana'anta, ana narka shi a kwatami, a tsoma ƙarfen da ake son gyarawa, a saki wutar lantarki. Sai nikel ɗin ya bar ruwan ya manne a jikin ƙarfen, siriri kamar fatar albasa. Haɗin da aka fi amfani da shi har yau, wani Ba'amurke mai suna Oliver Watts ne ya tsara shi a 1916. Kan famfo, maƙulli, zif, kan bel, bayan agogo, firam ɗin tabarau, sarƙa da warwaro masu araha, da yawansu ta wannan kwatami suka bi. Hatta fararen ƙarafan da ke ƙyalli a jikin tirelolin da garinmu ya yi suna da su, galibi akwai shimfiɗar nikel a ƙarƙashin rufinsu na sama. A 'yan shekarun nan kuma kasuwar gishirin ta buɗe sosai, domin da shi ake haɗa batiran motocin lantarki da dama. Indunusiya ce kan gaba a duniya wajen haƙo nikel, Sin kuma ce kan gaba wajen sarrafa shi zuwa kayan batir.

To, ina matsalar take? Mu fara da fata, tunda nan ta fi shafar mu. Gumi yana da gishiri, kuma yana narkar da nikel kaɗan-kaɗan daga jikin ƙarfe ya shigar da shi fata. Wanda ya san zafin Potiskum a watan Afrilu ya san ba a maganar ƙarancin gumi. A jikin wasu mutane, garkuwar jiki takan ɗauki nikel a matsayin abokin gaba. Daga ranar da hakan ta faru, duk inda ya taɓa sai ƙaiƙayi da ƙuraje, yawanci bayan kwana ɗaya zuwa uku. Alamarsa ba ta ɓuya, don ciwon yakan zana siffar abin da ya jawo shi: zobe a wuyan hannu daidai inda agogo ke zama, tabo a ƙarƙashin cibiya daidai maɓallin wando, layi a wuya inda sarƙa ke kwanciya. Idan jiki ya riga ya ƙi nikel, yawanci har abada ne. Mata sun fi maza fama da shi, babban dalili kuwa shi ne hudar kunne, domin ƙarfen yana zama ne a cikin ɗanyen rauni. Likitocin fata ma da wannan nikel salfet ɗin suke gwaji: su liƙa ɗan kaɗan a bayan mutum, su duba bayan kwana 2.

Saboda haka ne Tarayyar Turai ta kafa doka a 1994, ta ƙayyade yawan nikel ɗin da aka yarda ya fita daga duk abin da ke daɗewa a jikin fata. Kayan da ake zubawa a faranti ana yawo da su gida-gida a wajenmu kuwa, mai saye ba ta da yadda za ta san da me aka yi su.

Na biyu, ciki. An taɓa samun wata masana'antar rufin ƙarfe a Amurka inda ma'aikata 32 suka sha ruwan da wannan gishiri ya gurɓata. 20 daga cikinsu suka kamu da tashin zuciya, amai, gudawa, ciwon kai da jiri. An kuma rubuta labarin wata ƙaramar yarinya da ta haɗiyi ƙwayoyinsa ta rasu. A nan ne ya kamata mu dubi wata ɗabi'a tamu: sayen durom da jarkar da aka ɗauko sinadari a cikinsu, a ɗauraye sau biyu a mayar da su mazubin ruwan sha ko na jiƙa gero. Mazubin da ba ka san abin da ya ɗauka a baya ba, kada ka ba shi amanar cikin iyalinka.

Na uku, huhu. Ma'aikatan matatun nikel a Birtaniya da Norwe da suka shekara da shekaru suna shaƙar ƙurarsa, an ga ciwon dajin huhu da na hanci ya yawaita a cikinsu. A 1990 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadaran nikel a rukunin farko, wato waɗanda aka tabbatar suna haddasa cutar. Wannan bai shafi mai ɗaura agogo ko mai cin abinci da cokalin silba ba. Ya shafi mai walda, da mai goge ƙarfe da inji, da yaran jari-bola masu fasa tsofaffin batira ko ƙona su. Ga kuma batun haƙa: a 2016 aka ba da labarin gano nikel a Dangoma ta Jihar Kaduna. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 saboda ana daka duwatsun zinare a tsakar gida. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin yi ba mai wuya ba ne. Uwar da za ta huda wa 'yarta kunne ta bar zaren har ramin ya warke sarai, sannan ta sa na zinare mai kyau, ko na roba in hali bai kai ba. Duk abin adon da ya sa ƙaiƙayi a ajiye shi, ko da a cikin lefe ya zo. Kada a yi ta lafta mayukan kemis masu saurin kashe ƙaiƙayi ba da izinin likita ba, domin daɗewa a kansu yana sa fata ta yi laushi ta lalace. Masu aikin ƙarfe su sa safar hannu da takunkumi, su wanke hannu kafin su ci abinci, kada kuma su haɗa wankin kayan aiki da na yara.

Idan sinadarin ya zuba a jiki, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu. In a ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15. In yaro ya haɗiya, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro. A ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a tafi da mazubin don likita ya ga abin da ya sha.

Iyaye mata, yau in kun zo yi wa yaranku wanka, ku juya kunnuwansu ku duba.