Daga Burmi zuwa Gadarif: abin da ya rage bayan an sha kashi

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta san shekarar haihuwarta ba, amma ta san sunan Burmi. Lokacin yankan riɗi, in mun dawo gona da dare mun baje a tsakar gida nan Gadarif, takan ce mahaifinta a goye aka fito da shi daga can. Ni dai tatsuniya na ɗauke shi. Sai da na girma na je neman takardar jinsiyya, wani ma'aikaci ya dube ni ya ce, "To, kakan kakanka fa, a ina aka haife shi?" Ran nan na gane labarin tsohuwa bai ƙare ba.

Ga yadda abin ya faru. A watan Fabrairun 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya yi hijira ya nufi gabas. Jama'a suka bar gonaki suka bi shi: malamai, manoma, mata da yara, wasu da niyyar Makka, wasu da sa ran bayyanar Mahadi. Turawa suka cim musu a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau. Ran 27 ga Yuli 1903 aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira har bakin kogin Nilu Shuɗi, inda garin Mai Wurno yake yau kusa da Sinnar. A 1906 kuma talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi bore, Turawa suka shafe garin baki ɗaya.

Wani malaminmu na tarihi ne ya fara nuna mini cewa irin wannan ta taɓa faruwa da Yahudawa a hannun Rumawa, kusan shekaru 1,800 kafin Burmi. Dalilan ma kusan ɗaya ne: mulkin baƙo, nauyin haraji, da taɓa abin da mutane ke tsarkakewa. A shekara ta 66 Miladiyya gwamnan Rum, Gessius Florus, ya ɗebi kuɗi daga baitulmalin Haikalin Ƙudus, gari ya ɗau wuta. A shekara ta 70 Titus ya ci birnin ya ƙone Haikalin, aka kuma ɗora wa Yahudawa haraji na musamman. A 132 suka sake tashi ƙarƙashin Bar Kokhba, wanda wasu malamansu suka ɗauka shi ne Almasihun da ake jira, kamar yadda namu suka jira Mahadi. A 135 sansaninsa na Betar ya faɗi. Sarki Hadrian ya hana su shiga Ƙudus, wadda ya raɗa wa suna Aelia Capitolina.

Abin da malamin nan ya fi nanatawa shi ne abin da ya biyo baya. Bayan rushewar Haikali, wani malami, Yohanan ben Zakkai, ya tara almajirai a garin Yabne, kuma daga irin wannan zama addininsu ya koma kan karatu da littafi. Takobi ya karye, makaranta ta rayu. Da na ji haka sai na tuna da mu. Waɗanda suka tsira daga Burmi ba su zo da sarauta ba, ba su zo da dukiya ba. Allo suka zo da shi, da fartanya, da harshen nan da nake rubutu da shi. Shiga unguwannin Hausawa bayan asuba ka ji muryar yara a halwa, ka ga abin da ya hana mu ɓacewa.

Ba dukanmu ne jikokin Burmi ba, gaskiya. Wasu hanyar hajji ta kawo kakanninsu tun kafin Turawa, wasu noman auduga a Jazira bayan 1925, wasu kuma manyan gonakin dawa na Gadarif. Amma wanda ya sha kashi, sunansa ma wani ke raɗa masa. Fallata ne mu, Takari ne mu, duk kuɗin goro. Dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi a ce zuriyar mutum tana ƙasar nan tun 31 ga Disambar 1897, wato shekaru kaɗan kafin Burmi. An sassauta dokar daga baya, sai dai tambayar ta zauna a bakin mutane. A watan Yulin 2022, da rikici ya ɓarke a jihar Nilu Shuɗi kan ƙasa da sarautar gargajiya, kalmar "baƙi" ce aka sake jifanmu da ita, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwa abu ɗaya. Tsofaffin da suka ji labarin hijira daga bakin iyayensu suna ƙarewa, ga yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya sake tarwatsa gidaje. Wanda yake da kaka a raye ya zauna da ita, ya buɗe wayarsa ya naɗi muryarta: daga wane gari aka taso, ta ina aka biyo, wa aka binne a hanya. Ni ban yi ba, kuma wallahi har yau ina cizon yatsa.