Zafin Bazara Ya Ƙaru, Mai Aiki Ka Kula Da Jikinka

Kai manomin Gaya, da kai mai shinkafa a Tara, da kai ɗan dako a bakin kogin Isa, ku matso, maganar taku ce.

Ka san bazarar ƙasar nan tun kana yaro. A Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. To amma na yanzu ya fi na zamanin kakanka. Hayaƙin fetur da kwal da ake ƙonawa a duniya ya taru a sama, yana tare zafi. Ran 3 ga Afrilu 2024, ana cikin azumi, zafi ya wuce digiri 48 a Kayes ta ƙasar Mali. A shekarar ce Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce cikin ma'aikata 10, fiye da 7 na fama da zafin da ya wuce kima.

Ga abin da ya kamata ya tsaya maka a rai, kai mai rake a Dallol Mauri. Can nesa a ƙasar Nikaraguwa, dubban masu saran rake sun kamu da ciwon ƙoda, samari majiya ƙarfi. Likitoci sun danganta shi da aikin ƙarfi cikin rana ba isasshen ruwa. Ciwon ba ya sallama, sannu yake ci.

Saboda haka ka yi sammako. In rana ta take, ka koma inuwa sai bayan la'asar. Ka sa malfa. Ka riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, kada ka jira ƙishirwa. Duba fitsarinka: in ya yi kaɗan kuma ya yi ja, ruwa bai ishe ka ba. Feshin maganin ƙwari kuwa da sassafe ake yi, don zafi na sa mutum ya tuɓe rigar kariya, guba ta shiga ta fata.

Kai kuma mai gona da ka ɗauki ƴan ƙwadago, ruwa da hutu suna wuyanka. Wanda ya nemi inuwa ba rago ba ne.

In abokin aikinka ya fara jiri, ko yana surutai, ko ya faɗi, ka kai shi inuwa nan da nan. Kwance masa riga, jiƙa masa jiki, yi masa fifita. In ya suma kada ka ɗura masa ruwa a baki. A nemi amalanke ko mota, a kai shi asibiti, ana tafe ana jiƙa shi.